Neman Kogwannin da Aman Wuta Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Ƙasa



Shugaban wannan taro, malamaina masu daraja, iyayenmu, da ɗalibai maza da mata: bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Fiyayyen halitta, ina gode wa waɗanda suka shirya wannan majalisi, da suka ba ni dama in yi bayani a kan wani fanni na ilimin ƙasa wanda ba a faye tattauna shi a wurinmu ba, wato yadda masana suke gano kogwannin da narkakken dutse ya bari a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda da yawa daga cikinsu ba su da ƙofa ba su da taga, ba kuma wani mahaluki da ya taɓa sa ƙafa a cikinsu. Maƙasudina shi ne in nuna muku yadda mai bincike yake tashi daga alama ya kai ga zato mai rinjaye, sa'an nan ya tashi daga zato ya kai ga yaƙini, domin a cikin wannan tafiya akwai ladabin ilimi wanda kowane ɗalibi yake bukata, ko wane fanni yake karantawa.

Sai mu fara da asalin abin. Idan dutse mai aman wuta ya fashe, akwai wani nau'in narkakken dutse baƙi, wanda masana suke kira basalti, da yake fitowa da zafin da ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, ya malalo gangare yana gudu cikin kwari. Da yake samansa ne yake haɗuwa da iska, shi ne yake fara hucewa ya daskare, kamar dai yadda kunu yake yin yana a fuska alhali cikinsa yana nan da zafinsa. Wannan ɓawo da ya daskare sai ya zama rufi, ya tsare zafin abin da ke gudana a ƙarƙashinsa, har narkakken dutsen ya yi tafiyar kilomita masu yawa bai huce ba sai kaɗan. Sa'ad da aman ya tsaya, tushen ya daina turo sabo, sai wanda ke ciki ya tsiyaye gaba, ya bar dogon rami mai rufi da bango da daɓe. Wasu daga cikin waɗannan kogwanni sai da rarrafe ake shigarsu, wasu kuwa babbar mota za ta wuce a cikinsu ba ta taɓa rufi ba. Mafi tsawon wanda aka auna a duniya shi ne kogon Kazumura da ke tsibirin Hawayi na ƙasar Amurka, wanda tsawonsa ya zarce kilomita 65.

To, irin wannan kogo ba a saninsa sai in wani sashe na rufinsa ya rufta ya buɗe baki. In kuwa rufin ya yi ƙarfi, ko wani aman ya biyo baya ya lulluɓe shi, ko ƙasa da rairayi suka taru a kansa har ciyawa ta tsiro, sai ya ɓace wa ido ɗungurungum, manomi ya yi ta noma a bisansa, a shimfiɗa hanyar mota, a gina gidaje, ba wanda ya san cewa tsakaninsa da wawakeken rami ba abin da ya rage sai kaurin 'yan mitoci. Wannan shi ne sababi na farko da ya wajabta neman su, wato kare rayuka da dukiya. Na biyu shi ne ruwan sha, domin ƙazantar da ta faɗa cikin kogo takan isa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Na uku kuwa shi ne abin da kogwannin suka adana na tarihin ƙasa da na 'yan Adam.

Misalin da zan tsaya a kansa shi ne tsibirin Jeju, wanda ke kudancin ƙasar Koriya ta Kudu. Aman wuta ne ya gina wannan tsibiri tun daga gindinsa har ƙololuwar dutsen Halla da ke tsakiyarsa, wanda tsayinsa ya kusa mita 1,950, kuma ruwan da mutanensa suke sha kusan dukkansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. A arewa maso gabashin tsibirin akwai wani ƙaramin dutse mai suna Geomunoreum, wanda narkakken dutse ya taɓa malalowa daga gare shi ya nufi teku, ya bar jerin kogwanni a kan hanyarsa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Manjanggul, mai tsawon kilomita 7.4, wanda a wani wurin faɗinsa ya kai mita 18, tsayinsa kuma mita 23, a cikinsa kuma akwai wani ginshiƙi na daskararren dutse mai tsayin mita 7.6. Wanda ya fara bin wannan kogo yana auna shi, a shekarar 1946, wani malamin makarantar firamare ne mai suna Bu Jong-hyu, shi da 'yan makarantarsa, suna riƙe da jiniyoyin wuta da igiyar awo. Ina so malaman makaranta da ke cikin wannan zaure su riƙe wannan labari.

Amma kogwanni biyu da suka fi kowanne ƙawa a wannan jeri, ba neman su aka yi ba, katari aka yi da su. Na farko, Dangcheomul, ya bayyana ne a tsakiyar shekarun 1990, ana cikin gyaran gona. Na biyu, Yongcheon, ya bayyana a shekarar 2005, sa'ad da ma'aikata suke haƙa ramin kafa turken wutar lantarki, ƙasa ta zurma a ƙarƙashinsu. Da masana suka shiga, sai suka tarar da kogo mai tsawon kilomita 3.4, a ƙarshensa akwai tafki mai tsawon kusan mita 800, a cikinsa kuma ga tukwanen ƙasa na zamanin tsohuwar daular Silla ta Koriya, waɗanda suka shekara fiye da 1,000 a ajiye, shaidar cewa mutanen wancan zamani sun san wurin kafin bakinsa ya toshe. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne adon bangon. Iska ta daɗe tana kwaso rairayin bakin teku, wanda galibinsa niƙaƙƙen ɓawon dodon koɗi ne da makamantansa, tana jibgewa a bisan kogon. Ruwan sama kuma yana narkar da farar ƙasar da ke cikin rairayin, yana bi da ita ta tsagogin dutse da saiwoyin itatuwa, yana ɗiga a hankali shekara da shekaru, har fararen zaruruwa da ginshiƙai suka tsiro a jikin baƙin dutse. Wannan ƙawa tana cikin manyan dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin jerin wuraren gadon duniya a shekarar 2007.

Duk mai hankali da ya ji wannan labari zai ce: in har turken lantarki ne ya tono irin wannan taska, to nawa ne suka rage a ƙarƙashin gonaki da hanyoyi, kuma har yaushe za a zauna ana jiran katari? Daga nan aka koma ga na'urorin awon ƙasa da injin haƙa, kuma ta wannan hanya aka gano wani kogon a wannan yanki, kusa da Dangcheomul, aka sa masa suna Namjimi. Bari yanzu in bayyana muku hanyoyin awon ɗaya bayan ɗaya, domin kowacce tana da abin da take gani da abin da yake ɓoye mata.

Hanya ta farko ita ce rada mai ratsa ƙasa. Akwati ne da ake ja a bisan ƙasa, yana harba igiyar rediyo zuwa ƙasa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, yana kuma sauraren abin da ya dawo. Igiyar tana tafiya cikin basalti da kimanin sulusin saurin haske, in ta isa inda dutse ya ƙare iska ta fara, sai wani kaso nata ya komo da ƙarfi. Daga lokacin da ta ɗauka tafiya da dawowa ake lissafa zurfin rufin kogon. A kan allon na'urar, rufin yakan fito da siffar baka. Wannan hanya tana da sauri, tana kuma fayyace siffa fiye da sauran, amma aibinta shi ne ba ta nisa, kuma laka mai damshi da ruwan gishiri suna shanye igiyar kafin ta isa ko'ina, abin da yake babbar matsala ce a tsibirin da teku ta kewaye.

Hanya ta biyu ita ce awon yadda ƙasa take tare wutar lantarki. Ana kafa turakun ƙarfe a jere bisa layi, a tura wuta ta biyu daga cikinsu, a auna ƙarfinta a wasu biyun, kuma gwargwadon yadda aka nisanta turakun da juna, gwargwadon zurfin da wutar take shiga. Bafaranshe Conrad Schlumberger ya fara gwada wannan a shekarar 1912, Ba'amurke Frank Wenner kuma ya wallafa nasa tsarin jera turakun a 1915, har yau da sunayensu ake kiran tsare-tsaren biyu. Da yake iska ba ta ba wutar lantarki hanya, kogon da ba kome a cikinsa yakan fito a taswira a matsayin wurin da wuta ta kasa ratsawa. In kuwa cike yake da ruwa, musamman mai gishiri, sai hukuncin ya juya, ya zama nan ne wutar ta fi samun sauƙi. Wahalar wannan hanya ita ce busasshen basalti shi kansa mai tare wuta ne ƙwarai, don haka bambancinsa da iska ba kullum yake fitowa sarai ba.

Hanya ta uku, wadda ta fi sauran bukatar haƙuri, ita ce awon ƙarfin jan ƙasa. Kowane jiki mai nauyi yana jan abin da ke kusa da shi, inda kuwa aka rasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, jan yakan ragu da ɗan abin da hankali ba zai iya ji ba. Ana auna wannan ragi da ma'aunin da ake kira maikurogal, wanda yake kimanin kashi ɗaya ne cikin biliyan na jan ƙasa baki ɗaya. Ku dubi irin taka-tsantsan da wannan aiki yake bukata: in aka ɗaga na'urar da mita ɗaya kacal, awon yakan sauya da kimanin maikurogal 300, wanda sau da yawa ya ninka abin da kogon kansa yake haifarwa, haka kuma jan wata da na rana suna sauya awon daga sa'a zuwa sa'a. Saboda haka dole mai awo ya san tsayin kowane wurin da ya ajiye na'urarsa daidai da santimita, ya rubuta lokaci, ya riƙa komawa wurin da ya fara yana sake gwaji, sa'an nan ya zauna ya cire waɗannan tasirai duka da hisabi kafin ya ga abin da ya rage.

Akwai kuma awon maganaɗisu, tun da basalti yana ɗauke da ma'adinin ƙarfe, inda babu dutse kuma awon yakan karkace. Akwai awon girgiza, inda ake dukan faranti na ƙarfe da babbar guduma a saurari yadda motsin yake ratsa ƙasa.

Yanzu mun iso ga zuciyar maganar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da take ganin kogo. Abin da kowacce take kawowa lambobi ne, mutum ne yake fassara su. Kuma masana wannan fanni sun tabbatar da wata ƙa'ida ta hisabi, cewa siffofi mabambanta a ƙarƙashin ƙasa suna iya ba da awo iri ɗaya a bisanta: ƙaramin rami na kusa da babban rami na nesa suna iya yin kama, haka kuma tarin tsakuwa mai sako-sako da ke tsakanin wani aman da wani, ko dutsen da ya farfashe, yana iya sa tufafin kogo ya yaudari mai awo. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya yanke hukunci da shaida guda. Yakan bi layi ɗaya da rada, ya sake binsa da turakun lantarki, ya sake binsa da ma'aunin jan ƙasa, ya kuma fara gwada na'urorinsa a bisan kogon da aka riga aka sani, don ya ga yadda gaskiya take bayyana a cikinsu kafin ya nufi wurin da ba a sani ba. Idan shaidu uku, waɗanda illar kowannensu ta bambanta da ta ɗan'uwansa, suka yi ittifaƙi a wuri guda, to zato ya yi rinjaye. Amma malamanmu na Usulu sun riga sun koya mana cewa zato, kome rinjayensa, martabarsa tana ƙasa da ta yaƙini.

Abin da yake kawo yaƙini shi ne haƙa. Ana kafa inji a daidai wurin da alamomin suka taru, a zura bututu mai haƙora a baki, yana yanko dutsen yana fito da shi dunƙule-dunƙule kamar sanda, ana jera su cikin akwati bisa tartibin zurfinsu, masani yana karanta tarihin aman wuta daga jikinsu. Masu aikin sun san alamar isowa: ruwan da ake turawa don sanyaya bakin bututun sai ya daina dawowa, ƙarar injin ta sauya, bututun ya zurma da kansa ba tare da ya tarar da abin yanka ba. Ko a nan ma ba a gaggawa, domin tsaga mai faɗi ma tana yin haka. Sai an zura kyamara da fitila ta cikin ramin, a wasu wuraren har da na'urar leza mai auna nisan bango ta kowace fuska, an ga rufi da daɓe da inda ramin ya dosa, sa'an nan a ce an sami kogo. Kuma ramin da aka haƙa ba a sami kome ba bai tafi a banza ba, domin dutsen da ya fito daga cikinsa yana gyara fassarar awon da za a yi a gaba.

Me zai hana a yi ta haƙa tun farko a huta? Abu biyu ne. Haƙa tana da tsada, kuma rami ɗaya ba ya ba da labari sai na inda ya bi, har yana yiwuwa a kuskure kogo da taku biyu a tafi ana cewa babu. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne amana. Kogon da ya shekara dubbai a rufe yana da nasa zafi da damshi da 'yan halittun da suka saba da duhu. In aka huda shi barkatai, iska da ruwan inji da ƙura suka shiga, abin da aka ɓata ba ya gyaruwa. Wajibi ne a taƙaita ramuka, a ƙanƙanta su, a toshe su da kyau in an gama. Hukumomin Jeju sun rufe Yongcheon da Dangcheomul ga masu yawon buɗe ido, ko Manjanggul ma ɗan sashe kawai aka ware wa baƙi, kuma a ganina sun yi daidai.

Kada ku ɗauka wannan al'amari na mutanen gabas mai nisa ne kaɗai. Alhazanmu da suka bi hanyar Madina sun ga filayen baƙin dutse da Larabawa suke kira harra. A shekara ta 654 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1256, wuta ta fito a harrar da ke kudu maso gabashin Madina bayan girgizar ƙasa ta kwanaki, ta yi kwana 52 tana ci, narkakken dutse ya malala kimanin kilomita 23, Allah ya tsayar da shi kafin ya shiga gari. Malaman tarihi irin su Abu Shama da Samhudi sun rubuta labarinta. A harrar Khaibar kuma, arewa da Madina, akwai kogon Ummu Jirsan mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wanda binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa makiyaya suna fakewa a cikinsa da tumakinsu da awakinsu tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce.

Har a duniyar wata an kai wannan nema. A 2009 kumbon Kaguya na ƙasar Jafan ya hango wani rami a yankin tuddan Marius. A 2017 aka haɗa awon radarsa da awon jan wata da tagwayen kumbunan GRAIL na Amurka suka yi, aka ce akwai alamar dogon kogo a wurin. A 2024 kuma masana na Jami'ar Trento ta Italiya suka nuna, daga hotunan rada, cewa wani rami da ke filin Mare Tranquillitatis yana zarcewa zuwa kogo. Ana kwaɗayin irin waɗannan wurare don su zama mafaka ga 'yan sama jannati daga zafin rana da sanyin dare, waɗanda kowannensu yake wuce digiri 100 sama ko ƙasa da sifiri. Amma har yau ba a haƙa ko ɗaya ba, ba kuma wata na'ura da ta shiga ciki.

Mu dawo gida. Wannan awon turakun lantarki da na bayyana muku, shi ne dai wanda ake yi a garuruwanmu kafin a haƙa rijiyar burtsatse, kuma a tudun Biu da ke kudancin Barno, da wasu sassa na tudun Jos irin su Panyam, ƙasar tana lulluɓe da basalti na tsohon aman wuta, wanda ruwa yake ɓuya cikin tsagoginsa. Kowa a nan ya san rijiyar da aka kashe wa dukiyar jama'a ta fito ƙafe, don an haƙa ba awo, ko an yi awon na jeka-na-yi-ka, ko an ɗauki takardar mai awo tamkar wahayi. Maganin duka ukun ɗaya ne da na masu neman kogo: a auna da kyau, a auna ta fuska fiye da ɗaya, a tabbatar da haƙa, a kuma rubuta abin da aka tarar a kowane zurfi a adana shi don amfanin na baya.

Saboda haka kirana ga ɗalibai shi ne ku riƙe hisabi da kimiyyar fiziya da hannu biyu, domin na'ura ana sayenta da kuɗi, amma hankalin da zai fassara lambobinta sai an gina shi da shekarun karatu. Kirana ga jami'o'inmu da hukumomin ruwa da na ayyuka shi ne su tanadi waɗannan kayan awo, su fitar da ɗalibai daga aji zuwa fili, kuma kada su yarda a kafa babban gini ko a haƙa rijiyar jama'a sai an bincika abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya ba mu ikon aiki da shi.